Saiwar rasan da Turawa ke kira elecampane: ta dace da tsohon tari mai majina?

Maman Biyu:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah masana magungunan itatuwa ina neman ƙarin haske. An kawo wa mahaifinmu wata busasshiyar saiwa daga Turkiyya, giram 100, an yayyanka ta ƙanana. A jikin ledar an rubuta Elecampane, a ƙasa kuma Inula helenium. Wanda ya kawo ya ce ai ita ce ƙusɗul hindi, sunan ne kawai na Turawa. Ni dai ƙamshin bai yi mini kama da na ƙusɗul hindin da muka saba saya ba.

Baba ya haura shekara 60, kuma duk hunturu sai tari mai kaki ya kama shi, ya yi ta fama har zafi ya shigo. Bana ma ya fara, yau kusan sati uku ke nan. To mece ce wannan saiwar? Da gaske ita ce ƙusɗul hindi? Idan tana maganin tari, dafawa ake yi ko jiƙawa ko dakawa, kuma nawa ake sha? Sannan wa bai kamata ya sha ba? Allah ya saka da alheri.

Malamin Tsirrai:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba Baba lafiya. Hancinki ya faɗa miki gaskiya, ba ita ba ce. Dangi ɗaya suke, wato dangin su shuwaka da tazargade da latas da babunaj, amma tsirrai biyu ne daban. Ƙusɗul hindi shi ne Saussurea costus, a tsaunukan Himalaya yake fitowa, wajejen Kashmir. Wadda ke hannunki kuwa ita ce likitocin Larabawa na da suke kira rasan, wasu littattafan su ce ƙusɗus shami, wasu zanjabilus shami. Daga wannan suna na ƙusɗus shami rikicin yake tasowa, mai sayarwa ya ji ƙusɗu sai ya haɗa su a kwando ɗaya. Hadisin da ya zo a Bukhari a kan udul hindi, wato ƙusɗul hindi, yake magana, don haka ba daidai ba ne a ɗauko falalarsa a jingina wa rasan.

Akwai kuma dalili na kasuwa. Ƙusɗul hindi na daji ya yi ƙaranci har an saka shi cikin tsirran da yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya a kan cinikin dabbobi da tsirran da ke neman ƙarewa, ta fi tsananta dokar cinikinsu, saboda haka ana yawan musanya shi da saiwoyin dangin Inula, musamman Inula racemosa ta Indiya, 'yar'uwar taki.

Asalin rasan daga kudu maso gabashin Turai ne zuwa yammaci da tsakiyar Asiya, daga baya ya bazu zuwa Ingila da Arewacin Amurka. Tsiron ƙasar sanyi ne mai son ƙasa mai danshi, ba ya fitowa a dajinmu, duk wadda kika gani a nan shigo da ita aka yi. Yakan kai tsawon mita ɗaya da rabi zuwa biyu, ganyensa na ƙasa manya ne da za su haura rabin mita, bayansu da laushin gashi fari-fari, furensa rawaya mai siraran kunnuwa. Saiwar kaɗai ake amfani da ita. Ana tono ta ne idan tsiron ya shekara biyu ko uku, a ƙarshen kakarsu, wajen Satumba zuwa Oktoba, lokacin da ganye ya fara bushewa abincin ya koma ƙasa. Wadda ta wuce haka a ƙasa takan zama itace, wadda ba ta kai ba kuma ƙamshinta kaɗan ne.

Abu biyu ne a cikinta da suka fi muhimmanci. Na farko inulin, wani nau'in abinci da tsiron ke ajiyewa a maimakon sitaci. A saiwar da aka tono a kaka yakan kai kashi 44 cikin 100, a ta bazararsu kuwa yakan sauka zuwa wajen kashi 20. A cikin wannan saiwar ma aka fara gano inulin, wani mai haɗa magani Bajamushe, Valentin Rose, shi ya fitar da shi a 1804. Na biyu man ƙamshi, wajen kashi 1 zuwa 3 cikin 100, wanda yawancinsa sinadarai biyu ne, alantolakton da isoalantolakton. Su ne masu ɗacin, su ne masu aikin magani, kuma su ne masu kawo matsala idan an wuce ƙa'ida.

Kafin kowa ya sha, ki tabbatar abin da aka rubuta a leda shi ne a ciki. Ɗauki yanka ɗaya ki duba. Bayanta toka-toka ne zuwa ruwan ƙasa, da tamoji a tsaye. Tana da tauri kamar ƙaho, ba ta marmashewa a hannu. Ki karya ta, a cikin za ki ga fari mai duhu-duhu da ƙananan ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa masu ƙyalli, su ne ramukan da man yake taruwa. Ƙamshin yana da kafur-kafur a ciki. Idan kin ɗan tauna, da farko za ki ji yauƙi kaɗan, sai ɗaci da yaji su biyo baya su daɗe a harshe. In babu ƙamshi babu ɗaci, ta tsufa, ba ta da sauran amfani.

Sai gwajin aidin, wanda kowa zai iya yi a gida. Ki karya yanka huɗu ko biyar daga wurare daban-daban na ledar, ki jiƙa fuskar da ruwa, ki ɗiga aidin ɗin da ake sa wa ciwo. Rasan ba shi da sitaci, don haka launin aidin ɗin kawai za ki gani, rawaya zuwa ruwan ƙasa. Idan wani yankan ya koma shuɗi mai duhu ko baƙi, to wata saiwar ce daban. Abin da ya sa ake wannan gwajin shi ne an san a Turai saiwar beladona takan shiga cikin ta rasan, don idan sun bushe suna kama da juna, ita kuwa beladona tana da sitaci. Guba ce, 'yar'uwar zaƙami, alamominta bushewar baki, buɗewar ƙwayar ido, bugun zuciya da sauri da sambatu. Gwajin yana kuma tona asirin garin da aka cakuɗa da fulawa. Abin da ba zai yi miki ba shi ne raba rasan da ƙusɗul hindi, domin shi ma inulin gare shi, wannan sai hanci da ido.

Ga masu saye daga shagunan maganin Sin: ƙusɗul hindi shi ne Mu Xiang, rasan kuma Tu Mu Xiang. Akwai na uku mai suna Qing Mu Xiang, shi kam a guje shi. Dangin Aristolochia ne, su madacin ƙasa, yana lalata ƙoda, hukumar magunguna ta Sin ta soke amfani da shi a 2004 ta ce a maye gurbinsa da Tu Mu Xiang.

Baba Mai Tsimi:

Malam ya gama maganar ganewa, ni bari in shiga tukunya.

'Yata, ba kowane tari ake ba rasan ba. Nasa shi ne tari mai nauyi, wanda majina ta kwanta a ƙirji, mutum yana tari kaki yana fita da ƙyar, musamman da asuba, kuma ya daɗe. Ibn Sina ya saka shi cikin magunguna masu zafi da bushewa, ya ce lasar sa da zuma yana taimakon fitar da kaki, haka ma masu magani na Ingila a kan tsohon ciwon ƙirji mai majina suka fi ba da shi. Amma busasshen tari mai kartar maƙogwaro, ko tari da zazzaɓi mai zafi, rasan ƙara masa wuta yake yi, don shi kansa mai yaji ne. Wannan shi ne kuskuren farko da ake yi.

Awo. Littafin ƙa'idar magungunan tsirrai na Birtaniya na 1983 ya ba da giram 1.5 zuwa 4 na busasshiyar saiwa, sau uku a rana. Jamusawa kuma giram 1 suke sa wa kofi ɗaya. Ga dattijo, na Jamusawan za a bi. Kada ki dogara da cokali, domin cokalin shayi ɗaya yakan ɗauki daga giram 2 har 4, ya danganta da girman yankan. In akwai ƙaramin sikeli a auna. In babu, rabin cokalin shayi ba tozo, shi ne farawa.

Hanya ta farko, shayi. Ki ɗan farfasa giram 1 zuwa 1.5 a turmi, ba lallai ya zama gari ba. Ki zuba a kofi, ki tafasa ruwa mililita 200, ki juye a kai, ki rufe da faranti nan take. Minti 10 zuwa 15, ki tace. Ruwan da ya taru a ƙarƙashin farantin ki karkaɗe shi cikin kofin, kada ki zubar, maganin yana ciki.

Hanya ta biyu, jiƙo, ita ce ta fi sauƙin sha. Awo ɗaya ne, amma ruwan sanyi za ki zuba ki rufe ya kwana, awa 8 zuwa 10. Da safe ki ɗora a wuta, da zarar ya fara ƙananan kumfa a gefen tukunya ki sauke, ki tace, a sha da ɗumi. Saiwar tana da tauri, jiƙon shi ke buɗe ta ba tare da an gallaza mata wuta ba. Yanzu da sanyi babu damuwa, amma lokacin zafi a firij zai kwana, in ba haka ba da safe ya soma tsami.

Hanya ta uku, lasa da zuma. Ki daka giram 20 ya yi laushi, ki tankaɗe da rariya mai ƙananan ido, ki kwaɓa da zuma giram 80 a busasshiyar kwalba. Ki bar shi kwana biyu ko uku garin ya sha zumar, kina juyawa. Cokalin shayi ɗaya yana ɗauke da saiwa giram 1 da ɗan ɗoriya. Wannan ya fi daɗewa tunda ba ruwa a ciki, sai dai cokali mai laima kada ya shiga. Amfaninsa kuma shi ne sinadaran nan masu ɗaci ba sa narkewa sosai a ruwa, to a nan saiwar gaba ɗaya ake ci. Shi ya sa ya fi shayin ƙarfi, kada a ce tunda da zaƙi bari a ƙara. Turawa da giya suke tatse su, wannan ba tamu ba ce.

Abin da ke ɓata aikin shi ne a ɗora saiwar a buɗaɗɗiyar tukunya ta yi ta zaɓalɓala rabin awa kamar ana dafa sassaƙe. Man ƙamshin tururi yake bi. Idan kicin ya cika da ƙamshi, to maganin yana sama, abin da ya rage a tukunya ɗaci ne da ruwa mai kauri. In dole sai an dafa, wuta kaɗan, murfi a rufe, minti 10 ya isa. Sannan kada a dafa na kwana uku a ajiye, na yini ɗaya kawai. Idan ya huce kika ga wani fari ya kwanta a ƙasa ko ruwan ya yi gajimare, ba lalacewa ba ce, inulin ne, ruwan zafi yake narkar da shi, in an ɗumama zai koma.

A sha bayan an ɗan ci abinci, sau biyu a rana a kwana biyun farko, in ciki bai yi ƙorafi ba a koma sau uku. Na dare kada ya kai lokacin kwanciya, a sha wajen magariba, domin yana motsa kaki, mutum zai kwana yana tari. A kwanakin farko tarin yakan zama kamar ya ƙaru saboda majinar ta saki, abin da ake dubawa shi ne ko tana fita da sauƙi kuma ƙirjin ya rage nauyi. A yawaita shan ruwa, majina ba ta tsinkewa a jikin da ya bushe. In an yi kwana bakwai zuwa goma ba canji, a daina, ƙara awo ba zai kawo komai ba sai amai. Ko yana aiki ma, ni ba na wuce sati biyu zuwa uku.

Ana iya jefa 'yar citta ko za'atar a cikin shayin. Ajiya kuwa, ki fitar da ita daga leda ki sa a kwalbar gilashi mai murfi, a inuwa. Roba da leda suna shanye man. Kada ki dake duka giram 100 ɗin lokaci ɗaya, gari yana saurin sakin ƙamshi.

'Yar Famasi:

Sannunku da ƙoƙari. Baba Mai Tsimi, awonka da hanyoyinka ban da ja a kansu, amma da izininka akwai abin da ya kamata ya riga tukunya.

Yaya, kin ce tarin ya kusa sati uku. Ƙa'idar da ake bi a Nijeriya ita ce duk tarin da ya kai sati biyu a gwada kaki don tarin fuka. Gwajin da na'urar GeneXpert kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati, maganin ma kyauta ne, wata shida ake sha. Kasancewar Baba yana yin tarin duk shekara bai wanke shi ba, hasali ma irin waɗannan ne ake makara da su, kowa ya ce ai tarinsa ne na hunturu. In akwai rama, gumin dare, zazzaɓin yamma ko jini a kaki, to gobe ma ya yi nisa. Kuma kafin a yi gwajin kada a saya masa sifrofuloksasin ko lebofuloksasin a kemis. Suna ɗan danne ƙwayar tarin fuka, mutum ya ji sauƙi na ɗan lokaci, gwaji ya rikice, cutar kuma ta koyi jure magani. Wajen ba da kakin, da asuba ya fi, ya kurkure baki da ruwa, ya ja dogon numfashi sau uku, ya yi tari daga ƙirji. Miyau ba ya amfani.

Na tsaya a kan wannan ne domin a intanet za ki ga an rubuta cewa rasan yana kashe ƙwayar tarin fuka. Asalin maganar gaskiya ne amma an miƙe ta. A 1999 an buga wani bincike da ya nuna alantolakton da isoalantolakton suna hana ƙwayar girma a kwanon gwaji, a ƙarfin maikurogiram 32 cikin kowace mililita. Rifamfisin, ɗaya daga cikin magungunan tarin fuka na asibiti, yana yin wannan aikin da abin da bai kai maikurogiram 1 ba. Kofin shayi ba zai taɓa kai wancan ƙarfin cikin huhun mutum ba, kafin a kai ma ciki ya juye. Haka binciken da aka yi a Cork ta ƙasar Ayalan, aka buga a 2009, ya nuna abin da aka tatso daga saiwar yana kashe ƙwayar Staphylococcus aureus, mai kawo maruru, har da mai jure magani. Shi ma a kwano ne. Abubuwa da yawa suna kashe ƙwayar cuta a kwano, har da gishiri.

A jikin mutum kuwa, hujjar da ake da ita ita ce daɗewar amfani, tun zamanin Dioskorides, wani likitan Girkawa, a ƙarni na farko. Wannan ba abin rainawa ba ne, amma ba gwajin asibiti ba ne. Kwamitin da gwamnatin Jamus ta kafa don tantance magungunan tsirrai, wanda ake kira Commission E, ya duba rasan a ƙarshen shekarun 1980 ya ƙi amincewa da shi, bisa dalili biyu: ba a tabbatar da amfanin ba, kuma haɗarin borin jiki a fili yake. Rasha kuwa ta karɓe shi a matsayin mai fitar da kaki, har an taɓa yin ƙwayar magani mai suna Alanton daga sinadaransa don gyambon ciki. Ra'ayina shi ne, idan an gwada an ga ba tarin fuka ba ne, ba ciwon zuciya ba ne, ba asma ce da ke buƙatar abin shaƙa ba, to shayin giram 1 na 'yan kwanaki abu ne da za a iya jarrabawa. A dattijon da ke tari mai kaki kowace shekara, a tambayi tarihin taba da hayaƙin itace, a duba ko ƙafa tana kumbura, ko yana kasa kwanciya sai da matasai da yawa. Waɗannan ba aikin saiwa ba ne.

Yanzu illoli. Babbar ita ce ta fata. Alantolakton yana cikin sinadaran tsirrai da suka fi saurin sa jiki ya tsane su. Likitocin fata a Turai, idan za su gwada ko mutum yana da borin wannan dangin tsirrai, haɗin sinadarai uku suke liƙa masa a baya, ɗaya alantolakton ne, sauran biyun kuma irin waɗanda ke cikin ƙusɗul hindi ne. Ma'ana, wanda ƙusɗul hindi ya taɓa fesa wa ƙuraje ko ƙaiƙayi, ko babunaj, ko tazargade, kada ya kusanci rasan. Borin ba nan take yake fitowa ba, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku, fata ta yi ja, ta yi ƙaiƙayi, wani lokacin da ƙananan ƙuraje masu ruwa, shi ya sa mutane ba sa gane daga ina ya zo. Kada a shafa shi a fata, kada a haɗa shi da man shafawa, kada kuma a ce za a ɗan goga a hannu don gwaji, gogawar ce ma ke koya wa jiki tsanarsa. Mai daka ta rufe hanci, ta wanke hannu da sabulu in ta gama. Idan bayan sha leɓe ko fuska ta kumbura ko numfashi ya yi wuya, asibiti kai tsaye.

Ta biyu ta ciki ce. Sinadaran suna kartar fatar ciki da hanji. Idan awo ya yi yawa sai tashin zuciya, amai, gudawa da murɗa, an ma ambaci sanƙarewa da mutuwar jiki a yawan da ya wuce hankali. Mai ƙwannafi ko gyambon da ke tashe ya yi hattara, kada labarin Alanton ya ruɗe shi, wancan awo ne na kamfani.

Mai juna biyu da mai shayarwa kada su sha ko kaɗan. Tsofaffin littattafai suna lissafa shi cikin masu saukar da jinin al'ada, wannan kaɗai ya isa dalili. Mai shan maganin barci ko na kwantar da hankali ya tambayi likitansa tukuna, wanda kuma za a yi wa tiyata ya daina sati biyu kafin ranar. Masu neman sa don tsutsar ciki, gaskiya ne an taɓa amfani da alantolakton a kan macijin ciki, amma albendazol miligiram 400 sau ɗaya ya fi shi aiki da aminci da araha.

Maman Biyu:

Kai, Allah ya biya ku. In sha Allahu gobe za a kai kakin. Na manta ban faɗa ba, Baba yana da hawan jini da ciwon suga, yana shan amlodifin da metfomin. An ce mana wai inulin ɗin nan kamar insulin ne, zai sauke masa suga, har wani ya ce a haɗa da irƙus sus don ya rage ɗacin. Sannan 'yan biyuna shekararsu huɗu, su ma suna tari, ko in ɗan ba su?

Malamin Tsirrai, na yi gwajin aidin, babu wanda ya yi baƙi. Amma na ga wani fari-fari a jikin wasu yankan, ko fumfuna ce?

'Yar Famasi:

Yaya, sunayen ne kawai suka yi kama, ba abin da ya haɗa su. Insulin sinadari ne da jiki ke yi don shigar da suga cikin tsoka. Inulin kuwa dusar abinci ce, irin wadda ke cikin albasa da tafarnuwa. Cikinmu ba ya narkar da shi, wucewa yake zuwa babban hanji ƙwayoyin da ke can su cinye, shi ya sa yake kawo iska da kumburin ciki ga wasu. Ki lissafa ma: giram 1.5 sau uku, giram 4.5 ke nan na saiwa a yini, inulin ɗin ciki bai wuce giram 2 ba. Wannan ba zai taɓa sugan Baba ba. Metfomin ɗinsa kada a rage ko rabin ƙwaya. Abin da zai taɓa sugan shi ne zumar, don haka lasar nan ba tasa ba ce, shayi ko jiƙo zai sha ba zaƙi. Duk da haka a riƙa auna sugan da jinin a satin farko, kamar yadda ake yi da duk sabon abu. Ki kuma sani mai ciwon suga ya fi sauran mutane haɗarin kamuwa da tarin fuka wajen ninki uku, to ki faɗa musu a wurin gwajin.

Irƙus sus kam a'a. Yana sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa ya zubar da fotashiyam, jini ya hau, ya rushe aikin amlodifin ɗin. Littattafan Turawa suna yawan haɗa shi da rasan, har a shayin tari na kwali, don haka mai hawan jini ya riƙa karanta bayan kwalin.

Yara 'yan shekara huɗu kada ki ba su. Tsoffin littattafan Ingila sun ambace shi a tarin yara, amma babu awon da aka tabbatar da amincinsa a wannan shekarun, kuma cikinsu bai kai ya ɗauki wannan yajin ba. Zuma zalla, rabin cokalin shayi zuwa ɗaya kafin barci, an gwada ta a yara an ga tana rage tarin dare. Jaririn da bai shekara ba ne kaɗai ba a ba zuma. Idan a gida ɗaya suke da Baba, ki ambaci tarinsu gobe, domin in nasa ya nuna wani abu su ma za a duba su. In kuma kin ga suna numfashi da sauri ko ƙasan ƙirjinsu yana lotsawa, kada ki jira sakamakon kowa.

Baba Mai Tsimi:

Na yarda da 'yata a kan zuma da irƙus sus. Ɗacin kuwa, jiƙon dare ya fi shayin sauƙi, kuma ƙwayar kanumfari ɗaya ko ɗan ɓawon lemun zaƙi yana rufe shi. Kada dai a nemi kashe shi gaba ɗaya, dattijon da tari ya hana cin abinci, ɗacin nan yakan buɗe masa ciki.

Malamin Tsirrai:

Hajiya, tana iya yiwuwa ba fumfuna ba ce. Saiwar rasan mai mai da yawa, idan ta ɗan jima a ajiye, alantolakton yakan fito ya daskare a fuskar yankan. Ki kai ta hasken rana ki duba da kyau, ko ki ɗauki hoto da waya ki zuƙo shi. In ƙananan allurai ne farare masu ƙyalli, a miƙe, yankan kuma yana nan da taurinsa da ƙamshinsa, to sinadarin ne, alamar saiwa mai ƙarfi ce, sai a tsaya a giram 1. Fumfuna kuwa kamar auduga take, ba ta ƙyalli, takan yi kore ko toka ko baƙi-baƙi, da warin ɗaki mai danshi, yankan kuma ya yi laushi yana lanƙwasuwa maimakon ya karye. In haka kika gani ki zubar da ledar gaba ɗaya, kada ki tsince, kada ki wanke ki shanya, domin gubar fumfuna ba ta mutuwa da tafasa.